Bangon Gaba Kaɗai Ba Gini Ba Ne

Wata ɗabi'a mai ban takaici ta samu gindin zama a biranen Turai: idan masu jari suka sayi tsohon gini mai tarihi domin mayar da shi rukunin kantuna, sai a rushe cikinsa ƙurmus, a bar bangon da ke kallon titi, sannan a yi shelar an ceci tarihi. Haka aka yi wa Las Arenas, dandalin wasa da bijimai na Barselona da aka gina a 1900, wanda ya daina aiki a 1977, ya koma kasuwar zamani a 2011 bisa zanen Richard Rogers.

Dole a sara wa injiniyoyin da ke wannan aiki. Bangon da aka raba da benaye da rufin da suka riƙe shi shekara da shekaru, iska na iya kifar da shi ta gaba ko ta baya, shi ya sa kafin a fara rusau ake kafa masa tokari, wato hasumiyar ƙarfe ta wucin gadi da ake danne ƙafafunta da manyan curin kankare. Kuma da yake sabon gini yakan ɗan nutse cikin ƙasa, alhali tsohon bango ya daɗe da zaunawa, ana ɗaure su da maɗauran da ke barin kowanne ya motsa sama ko ƙasa ba tare da ya tsage ɗan'uwansa ba. A Barselona har yanke bangon jan bulon aka yi daga tushensa, aka ɗora shi kan ginshiƙan ƙarfe.

To amma duk wannan gwaninta, me ta tsare? Zaure ne aka bari ba gida a bayansa. Tsarin ɗakuna da matakala da aikin hannun magina, waɗanda su ne ke nuna yadda mutane suka yi amfani da wurin, sun tafi juji, kuma sau da yawa sabon daɓe yana gittawa ta tsakiyar tsohuwar taga, domin tsayin hawa na kanti bai dace da na da ba.

Gaskiya ne hakan ya fi rusau baki ɗaya. Sai dai ilimin da ya iya tsayar da bango shi kaɗai a gaban iska ba zai gaza ƙarfafa tsofaffin benaye ba, saboda haka ya kamata hukumomin birni su nemi rahoton injiniya mai zaman kansa kan ƙarfin cikin ginin kafin su ba da izinin taɓa shi.