Zanen Bangon Dakar

A shekarar 1990 matasan Dakar suka tashi da aikin gayya da suka kira Set Setal, wato tsabta da tsabtacewa a harshen Wolof. Suka share tituna, suka yashe kwatoci, sa'an nan suka bi bango da fenti. Cikin fuskokin da aka fi zanawa akwai ta Shehu Ahmadu Bamba, wadda aka kwaikwayo daga hotonsa na 1913, mayafi ya rufe masa baki. Gaskiya wasu zanen ba su yi kyau ba: hannu ya cika tsawo, fenti ya zuba. Amma baƙon da ya tsaya kushe su bai duba gindin bangon ba. Wurin da dā juji ne, da aka zana fuskar malami sai mai kwandon shara ya ji nauyi, ya wuce gaba.