Kalmomin Latin na Kayan Lambu: Sharhi a kan Ƙamus na Dalziel

Manufar wannan takarda ita ce a duba sunayen Latin da ke cikin littafin J. M. Dalziel mai suna A Hausa Botanical Vocabulary, wanda aka buga a 1916. Babu shakka marubucin ya yi aikin a yaba, domin ya jera sunayen tsirrai na Hausa, kowanne da takwaransa na kimiyya. Sai dai aiki ne na daidaita suna da suna, ba na fayyace ma'ana ba, kuma a nan ne ɗalibanmu suke tuntuɓe.

Da farko dai, Latin ɗin iri biyu ne. Akwai na Rumawa, wanda Pliny da Columella suka rubuta al'amuran lambu da shi a ƙarni na 1 Miladiyya. A wurinsu holus shi ne kayan lambu, legumen dangin wake, cepa albasa, allium kuwa tafarnuwa. Sannan akwai na masana, wanda Linnaeus ya daidaita a 1753, inda kowane tsiro ya sami suna mai kalma biyu. Wannan na biyun cike yake da aro. Alal misali, Moringa, wato zogale, daga harsunan kudancin Indiya aka samo ta, Vernonia ta shuwaka kuwa daga sunan wani Bature mai nazarin tsirrai, William Vernon.

Na biyu, kalmar ƙarshe ta sunan sau da yawa bayani ce. Sativum na nufin abin da ake shukawa, esculentus abin da ake ci, officinale abin da ake ajiyewa a ɗakin magani, shi ya sa citta ta zama Zingiber officinale. Haka kuma olitorius na lalo ya samo asali daga holitor, wato mai noman lambu. Ɗalibin da ya san wannan ya huta da haddar aku.

Na uku, sunayen ba su zauna wuri ɗaya ba. Kuɓewa, wadda Linnaeus ya kira Hibiscus esculentus, yau Abelmoschus esculentus ce. Malamin da ya dogara da tsohon littafi kaɗai zai iya koyar da sunan da aka daina aiki da shi.

Saboda haka muna ba da shawara cewa masana Hausa da na kimiyyar tsirrai su haɗa kai su sabunta wannan aiki, a fassara ma'anar kowace kalmar Latin da Hausa, a kuma nuna tsohon suna da sabo.