Tafi ba ya koya wa yaro baƙi

Yanzu duk malamin da ya je bita, da tafi yake dawowa. Tafin roka, tafin ruwan sama, waƙa kafin darasi, a raba yara rukuni-rukuni su zagaye kwali. An ce mana da haka ake jawo yaron da ba ya son karatu. Ban ƙi ba, ya fi bulala nesa ba kusa ba, ni ma na daɗe ina riƙe da ita, Allah ya yafe mana. Sai dai 'yan bayan aji sun fi kowa ƙarfin tafi, da an ce a buɗe littafi kuma sai kai ya koma kan benci.

Akwai wani yaro da na koyar a aji biyar na firamare. Rubutunsa gwanin kyau, duk abin da na sa a allo sai ya kwafe tsaf. Amma da na ce ya tashi ya karanta, sai ciwon ciki ya taso, ko fitsari ya matse shi. Na sha ce masa malalaci. Wata rana bayan an tashi na tsayar da shi, na rubuta "gida" a takarda. Ya dubi takardar, ya dube ni, ya ce, "Malam, na san na farkon." Iyakarsa ke nan. Shekara biyar yana zana haruffa kamar mai ɗinkin hula, mu kuma muna ta tura shi aji na gaba. Ashe asirinsa yake rufawa.

Abin da ya fi ba ni kunya, makarantar allo ta bayan gidanmu ba ta yin wannan kuskure. Can kowa da allonsa. Mai babbaƙu yana zaune kusa da mai izu goma, ba a yi wa yaro ƙari sai ya biya, ba ya wanke allo sai malam ya gamsu. Ƙungiyar Pratham ta Indiya kusan haka ta yi da tsarinta na TaRL, wanda aka gwada a Borno da Kano: a zauna da yara ɗaya bayan ɗaya a ga wa ya tsaya a harafi, wa ya kai kalma, wa ke karanta labari, sannan a haɗa su bisa matakinsu na wani lokaci kullum, a bar maganar aji nawa suke.

Da wuya, na sani. Aji cike maƙil, hedimasta na tambayar ina aka kwana a manhaja, uba kuma ba ya son jin ɗansa na aji biyar yana zama da 'yan aji uku. Tafi ya fi sauƙi, kuma yana burge baƙi in sun zo duba makaranta.

Yaron nan zango guda muka yi muna zama a gindin dalbejiya lokacin tara, daga ba, bi, bu. Ranar da ya haɗa jimla da kansa, allon wani mai shayi ya karanta mini a bakin hanya.