Ido Wa Ka Raina? Feɗe Hotunan Ƙasa da Namun Daji na 'Yan Sha'awa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne nazarin wani nau'in hoto wanda ya yi yawa a hannun jama'a amma bai sami kulawar manazarta ba, watau hotunan duwatsu da koguna da itatuwa da tsuntsaye da namun daji waɗanda mutane kan ɗauka don sha'awa, ko a kan hanyar tafiya ko a kewayen gida. Mai ɗaukar irin wannan hoto shi za mu kira ɗan sha'awa, don mu bambanta shi da mai hoto wanda sana'arsa ke nan, ake kiransa gidan biki ko suna ya ɗauka a biya shi. Tun da kamfanin Kodak na Amurka ya fito da 'yar kyamarar nan mai suna Brownie a 1900, yana sayar da ita dala ɗaya, ɗaukar hoto ya fara fita daga hannun gwanaye. Wayar salula kuwa ta zo ta ƙarasa aikin, har ya zamana ɗalibi da direba da ɗan kasuwa kowa da kyamararsa a aljihu.

Manazarta waƙa sun saba feɗe ta ta fuskar jigo da zubi da tsari da salo. Wannan gado za mu ara mu shimfiɗa hoto a kai. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, ɗan sha'awa yakan ƙarar da ƙoƙarinsa a inda ya fi rauni, watau hoton tafiya, ya yi watsi da inda ya fi kowa ƙarfi, watau hoton gida.

2.0 Jigo a Hoton Tafiya

Mu fara da Yankari a Jihar Bauchi, gandun dajin da aka keɓe a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Duk wanda ya duba hotunan da maziyarta ke dawowa da su zai tarar kusan iri uku ne suke maimaita kansu. Na farko, mai hoton a cikin ruwan ɗumi na Wikki. Na biyu, gwaggon biri ko gadu yana yawo a tsakanin ɗakunan baƙi. Na uku, wani duhu-duhu can nesa a cikin itatuwa wanda sai mai hoton ya rantse kafin a yarda giwa ce. Haka abin yake ga Dutsen Zuma, wanda aka buga a bayan takardar naira ɗari ta 1999: daga bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna ake ɗaukarsa, ta fuska ɗaya, sau da yawa ma ta tagar mota tana gudu.

Idan muka tambaya mene ne jigon waɗannan hotuna, amsar ita ce, na je wurin. Hoton shaida ce ta tafiya, kamar tsarabar da matafiyi kan riƙo don a san ya kai. Wannan ba laifi ba ne, amma jigo ne ƙarami, domin bai gaya mana komai game da dajin ko dutsen ba wanda ba mu sani ba tun kafin a ɗauka. Dalilinsa kuwa a fili yake. Baƙo yana da yini ɗaya ko biyu, yana bin hanyar da jagora ya bi da wanda ya riga shi, kuma ya zo da hoton da yake son ɗauka a cikin kansa, wanda ya gani a kalanda ko a intanet.

Wannan ciwo na kwaikwayo ya fi bayyana a hotunan raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai a Jamhuriyar Nijar. Waɗannan su ne ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma. A 1996 guda 49 kacal aka ƙirga, daga baya suka farfaɗo har suka wuce 600. Babban abin mamakinsu shi ne ba a cikin dajin da aka kori mutane suke ba. A tsakanin gonakin gero da wake suke kiwo, kusa da ƙauyuka. To, amma sai ka ga mai ɗauka ya karkata kyamara har ya fitar da rumbu da jaki da manomi daga cikin hoton, don abin ya yi kama da dajin Serengeti na Tanzaniya. Ashe ke nan ya yanke ainihin labarin ya yar, ya kawo mana na aro. Hoton da ya haɗa raƙumin dawa da karan gero da yarinya ɗauke da tulu ya fi gaskiya, kuma ya fi wuyar samu a ko'ina a duniya.

3.0 Zubi da Tsari

Zubin hoto shi ne yadda aka shirya abubuwa a cikin kusurwoyinsa huɗu, abin da aka sa da abin da aka bari. A nan kayan aiki yana da nasa hukunci. Idon kyamarar waya mai faɗin gani ne, an yi shi don ya kwashe ɗaki da mutanen cikinsa, alhali masu sana'ar ɗaukar namun daji suna aiki da dogon ido na milimita 400 ko fiye. Idan ɗan sha'awa ya ja hoto da yatsu biyu fiye da ƙarfin idon wayarsa, ba kusantar giwar ya yi ba. Yanko tsakiyar hoton ya yi ya buɗa shi, shi ya sa yake fitowa dishi-dishi. Daga nan ne wasu kan shiga ganganci, su matsa kusa da dabba fiye da kima, ko su jefa wa biri abinci don ya tsaya, abin da ke koya wa biran ƙwace da shiga ɗakuna.

Mafita ita ce a yarda da iyakar kayan aiki a mai da ita zubi. Waya ba za ta kawo ƙwayar idon giwa ba, amma za ta kawo garken giwa ƙanana a bakin kogin Gaji da rani, da busasshen daji a bayansu, a ga dalilin da ya tara su a wurin. Haka nan a hoton dutse, in an sa giginya ko bukka ko makiyayi a gaba, mai kallo zai sami ma'aunin da zai auna girman dutsen da shi. Wani aibi da ya zama ruwan dare shi ne sa layin da sama ta haɗu da ƙasa a tsakiyar hoto daidai wa daida, sai ido ya rasa inda zai sauka. Tilas mai ɗauka ya yanke shawara: in hadari ne abin kallo, ya ba sama kashi biyu cikin uku, in fadama ce, ya ba ƙasa.

4.0 Salo

Salon hoto haske ne, kamar yadda salon waƙa yake a sarrafa harshe. A ƙasarmu rana takan yi saurin ɗagowa, ta yadda daga walaha zuwa bayan azahar haskenta daga bisa yake saukowa, ya haɗiye inuwa, ya bar dutse da tudu kamar an goge su. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin da matafiyi yake kan hanya. Hasken da ke fito da siffa da launi shi ne na sassafe zuwa hantsi, da na la'asar sakaliya. Bugu da ƙari, kowane lokaci na shekara da nasa salo. Hazon hunturu, wanda da yawa suke ɗauka abokin gaba ne, yakan jera tsaunuka saf-saf, na gaba baƙi, na baya yana dusashewa. Bayan ruwan marka kuwa iska takan wanke tas, a hangi nesa. Mutum ba zai iya zaɓen haske ba sai yana da damar komawa wuri ɗaya sau da yawa, wannan dama kuwa mazauni ke da ita.

5.0 Hoton Gida

Hausawa sun ce, ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Babu misalin da ya fi ungulu. Shekarun baya babu kwata ko kasuwar da ba a ganinta a kan rufi da bisa rimi, saboda haka ba a ɗauke ta abin ɗauka a hoto ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin wannan ungulu ta gari cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma farautarta da ake yi don sayar wa masu magani. Yau akwai yara a biranenmu da suka san ta a karin magana kurum. Da a ce an yi ta ɗaukar kwatar gari ɗaya shekara bayan shekara, da muna da shaidar lokacin da ta fara raguwa. Gauraka ma ta wannan hanya ya bi a arewacin Nijeriya.

Daraja ta musamman ta hoton gida ita ce maimaici. Mu ɗauki darasi daga Maraɗi da Damagaram, inda manoma suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu tun daga shekarun 1980, har aka farfaɗo da kadada kusan miliyan 5. Abin da ya gamsar da masana shi ne gwama hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 da waɗanda aka ɗauka na wurare ɗaya bayan shekara ta 2000. Ɗan sha'awa ba shi da jirgi, amma yana da ƙofar gidansa. Zai iya tsayawa a gindin kuka ɗaya ya ɗauki fadama ɗaya da bazara da damina da kaka da rani. Zai iya ɗaukar ranar da shamuwa ta fara sauka a garinsu kowace shekara, tun da manoma sun daɗe suna auna ƙaratowar damina da zuwanta. Zai iya bin gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya toho da rani. A nan ba wani gwani daga waje da zai fi shi, domin gwani baƙo ne.

Sharaɗi ɗaya ne ke mai da irin wannan hoto shaida: a rubuta rana da wata da shekara da wuri da sunan abin da aka ɗauka, da Hausa kamar yadda mutanen wurin ke kiransa. Akwai masu buƙatarsa. Alal misali, shirin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos ta fara a 2015, ya dogara ne ga rahotannin 'yan sa-kai. Mu kuma masu nazarin harshe muna da rabo a ciki, domin sunayen tsuntsaye da itatuwa suna ɓacewa daga bakin matasa, hoto mai suna kuwa ƙamus ne mai ido. Sai dai a yi hattara da abu guda: wanda ya sami sheƙar ungulu kada ya baza wurinta ga kowa, don kada hotonsa ya zama jagora ga mafarauci.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa hoton tafiya na ɗan sha'awa yakan yi rauni a jigo saboda kwaikwayo, a zubi saboda jayayya da kayan aiki, a salo kuma saboda ƙarancin lokaci. Duk waɗannan uku suna da sauƙi a gida, inda mai ɗauka ya san ƙasar, ya san sunayen abubuwa, yana kuma da damar dawowa gobe. Ba cewa ake yi a daina zuwa Yankari da kyamara ba. Idon da aka horar a bayan gari shi ne zai ga abin da wasu suka wuce a Yankari. Shawarata ga sassan Hausa na jami'o'inmu ita ce, kamar yadda ake tura ɗalibai tattaro waƙoƙin baka da karin magana, a riƙa tura su tattaro hotunan tsuntsaye da itatuwan garuruwansu tare da sunayensu da kwanan wata, a adana su a wuri ɗaya inda masu bincike na gaba za su same su.