Littafin da ya riga guduma isa Zariya

Na kai wa wani tsohon magini a Tanut juzu'in farko na An Introduction to Nigerian Traditional Architecture. Ba ya karanta boko. Ya ɗora yatsa a kan zanen masallacin Juma'a na Zariya, ya bi bakan gizo tun daga gindin ginshiƙi har inda ya haɗu da 'yan'uwansa, ya ce, "Yaro, wanda ya yi wannan ya hau soro."

Ya hau kuwa. Marubucin littafin, Zbigniew Dmochowski, mutumin Folan, ya yi shekaru yana zagaya Najeriya da ma'auni da kyamara, ya rasu a 1982, littafin bai fito ba sai 1990, juzu'i uku. Abin da nake ƙauna a ciki shi ne haƙurinsa. Hoto yana nuna maka kyan gini, amma zanensa yana tsaga bango ka ga ciki: kaurin katanga a ƙasa da yadda take sirancewa, yadda aka jera azara ɗaya bisa ɗaya, kowace ta ɗan leƙo gaba, aka ɗaure, aka lulluɓe da laka har ta zama baka. Masallacin aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, na zamanin Sarki Abdulkarim. Daga baya aka kewaye masallacin da ginin siminti, a watan Agustan 2023 kuma wani sashen rufin ya rufta kan masallata. Tun daga ranar nake buɗe shafukan nan a hankali.

Ƙorafina kaɗan ne. Muryar magina ba ta fito yadda nake so ba, ga shi da Turanci, jikokinsu sai kallon zane. Kuma aikin ya tsaya a kan iyaka, kamar tubali ya san fasfo. Gidajen Birnin Damagaram masu zanko da ado a fuska ba sa ciki, balle namu na Damargu, tsofaffin shagunan kasuwa da zauruka da ake rushewa ɗaya bayan ɗaya a sa bulo da kwano. Ban ɗora masa laifi ba, Najeriya aka ba shi.

Baba magini dai ya riƙe littafin kwana uku. Da ya dawo da shi, akwai shatin yatsa na jar ƙasa a gefen shafin.