Tsofaffin Afegbua: na wa ne ɗinkin da ke jikinsu?

Wataƙila ka ci karo da hotunan nan da suka karaɗe intanet a farkon 2023: tsofaffi masu furfura, sun sha ado, suna taku a dandalin nuna tufafi. Malik Afegbua, wani mai shirya fim a Legas, shi ya haɗa su da manhajar Midjourney. Ko ɗaya daga cikin tsofaffin nan bai taɓa rayuwa ba.

Tunanin nasa ne, wannan kam ba musu. Shi ya ga cewa an ture tsofaffi gefe, ya ce bari ya fito da su gaba. Bai kuma ɓoye cewa ƙirƙirarriyar basira ya yi amfani da ita ba.

Amma ka tsaya ka duba kayan jikinsu. Sun yi kyau, sai dai da wuya ka ce ga garin da aka ɗinka su. Dalili kuwa, irin waɗannan manhajoji daga hotunan intanet suke koyo. Rumbun LAION-5B, wanda aka horar da Stable Diffusion da wani sashensa, ya ƙunshi hotuna sama da biliyan 5 da bayanansu. Abin da ya fi yawa a ciki shi ke rinjaye. To, a cikin wannan tulin, nawa ne hotunan Kurgu, ko na masuntan Illo a bakin Neja, ko na 'yan kasuwar da ke tsallaka iyakar Benin ta Lolo da Tsamiya? Nemi hoton dattijon Bagudo ka gani. Rawani za ta ba ka, amma naɗin wane gari ne?

Kar ka ce kwaikwayo ne laifin. Mai ɗinkin babbar riga ma ba shi ya ƙirƙiro aska takwas ba, gadonta ya yi, kuma ba wanda ya taɓa kiransa ɓarawo. Bambancin shi ne, in ka tambaye shi, zai faɗa maka a hannun wa ya koya. Manhaja ba za ta iya ba, waɗanda aka kwashi aikinsu kuma ba a nemi izininsu ba.

Hukuma ma ta taɓo zancen. A 2023 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi yi wa Jason Allen rajistar hoton Midjourney da ya ci masa gasa a Kolorado a 2022, duk da ya ce sau 624 ya yi ta gyara umarnin da yake ba manhajar.