Jinjina ga Masu Tsaron Yellowstone

Duk matafiyin da ya tsayar da mota a gandun Yellowstone, can yammacin Amurka, ya ɗauki hoton marmaron Old Faithful yana feso ruwan zafi sama, akwai bashin ma'aikatan gandun a wuyansa. Su ke lissafin lokacin da zai sake fesowa, wajen kowane minti 90, su rubuta a allo domin baƙo ya shirya kyamararsa. Tun 1872 aka keɓe dajin, hukumarsu kuma aka kafa ta a 1916.

Wasu na ƙorafin ma'aikatan sun cika takura: kada a sauka daga gadar katakon da ke gefen maɓuɓɓugan ruwan zafi, tsakaninka da ɓauna yadi 25, beyar da kyarkeci kuwa yadi 100, wai hoto ba ya fita daga nesa. Sai dai ƙasar da ke gefen maɓuɓɓugan ɓawo ce kawai, ƙarƙashinta tafasasshen ruwa, kuma ya sha cin rayuka. Shi ma dajin na buƙatar kariya daga baƙi: a dubi tafkin Morning Glory. Shuɗi ne tas a da, sai baƙi suka yi ta jefa masa tsabar kuɗi da shara har mafitarsa ta toshe, ruwan ya huce, gefensa ya koma rawaya. Waɗannan ma'aikatan ne suka riƙa tsamo tarkacen.